Injin da Aka Tayar Malam Yana Kan Tsani

Matso kusa, mai karatu, ka ara mini kunnenka. In ke mace ce, 'yar'uwa, ajiye tsintsiyar nan ki zauna, maganar ta shafe ki fiye da kowa, don ke ce kike gida lokacin da ake tayar da inji. Iskar farkon damina da ta taso makon jiya ta kwashe mini shanya ita ce ta sake tuna mini, ko da yake ban taɓa mantawa ba: shekara goma sha ɗaya ke nan da aka shigo mini da maigidana a naɗe cikin tabarmar masallaci, ruwan da na ajiye masa a randa bai ma gama yin sanyi ba.

Sunansa bakina bai taɓa faɗa ba yana da rai, ba kuwa zan fara yau a jarida ba. Ni Malam nake ce masa. Mutanen Karaye kuwa Mai Tsani suke kiransa, saboda ba ka ganin babur ɗinsa sai da tsani ɗaure a gefe, daga nan Unguwar Hajji har Rogo. Gyaran wutar lantarki ne sana'arsa. A kan falwaya ya rasu, a bakin layinmu, da rana tsaka. Har yau in zancen ya taso, wasu sukan ce wuta aka kawo kwatsam. Wasu kuma su rage murya su ce ai sakaci ya yi, ya saba da ita har ya raina ta. Duka biyun ƙarya ne, kuma da yawa daga masu faɗa sun san ƙarya ne. Shi ya sa bana na ƙi tsayawa a sadakar ƙosai da addu'a kawai. Addu'ar na yi, Allah ya karɓa. Yanzu kuma zan yi magana.

Ni ba 'yar boko ba ce. Firamare na yi, ita ma ban ƙarasa ba, kuma ni ba mai yawo ba ce. Akwai matan unguwar nan da sai a gidan suna ko gidan rasuwa suke ganin fuskata. Amma Allah ya ba ni kunne, ya kuma haɗa ni da miji mai son bayani. Malam in ya zauna cin tuwo ba ya hirar siyasa, ba ya hirar ƙwallo, sai hirar wuta. Tun ina cewa, "Malam, miyar nan fa tana hucewa," har na haƙura na koma saurare.

Da ruwa yake kwatanta mini komai, don kafin ya koyi sana'a noman rani ya yi tare da mahaifinsa a bakin dam. Ya ce bolt shi ne ƙarfin turin ruwa, kamar yadda ruwan da ya sauko daga doguwar tanki ya fi na ƙasa ƙarfi. Amfiya ita ce yawan ruwan da yake wucewa. Om kuwa ƙuncin hanya ne: siririn bututu yana tauye ruwa, mai faɗi yana sakinsa. In turi ya ƙaru, ruwan da ke wucewa ya ƙaru. In hanya ta buɗe, nan ma ya ƙaru. Wat shi ne cin da kowane kaya yake yi, turi da yawan ruwa a haɗe, shi ya sa dutsen guga ɗaya yake cinye abin da ƙwayayen fitilar gida duka ba su ci ba. Wata rana don tsokana na ce, to shi mutum fa, siririn bututu ne ko mai faɗi? Ya ce, "In fatarsa a bushe take, siriri ne. In ya yi gumi ko ya taka ruwa, kwata ce buɗaɗɗiya." Muka yi dariya ranar. Ban ƙara yi wa maganar dariya ba.

Abu biyu ya fi nanatawa. Na farko, wuta ba ta tafiya sai ta ga hanyar komawa inda ta fito. Shi ya sa kurciya take sauka a kan waya ɗaya ta yi ta gyaran gashinta lafiya lau, don ba ta taɓa komai ba sai wayar. Na biyu, in wuta ta iso mahaɗa rabuwa take yi ta bi duk hanyar da ta tarar a buɗe, abin da ya shigo shi ne zai fita, ba ta ɓacewa, ba ta kuma tambayar mai gida inda ya nufa da ita. Yakan ɗaga guntun waya ya ce mini, "Kin ga wannan, ba ta da gaba, ba ta da baya. Wadda ta kawo miki wuta daga falwaya, ita ce za ta mayar da taki can, in kin bar mata ƙofa."

To, ga wanda ya bar mata ƙofar. Maƙwabcinmu ne, gida biyu tsakaninmu. Ba zan faɗi sunansa ba, Alhaji Mai Gyaɗa ya ishe shi, tunda saye da sayar da gyaɗa yake yi a kasuwar Rogo. Shi ya fara sayen janareto a layinmu. Ga yadda suke yi a gidansa in an ɗauke wuta: waya ce mai kai biyu, a soka kai ɗaya a inji, ɗayan a soket ɗin bango, shi ke nan gida duka ya haskaka. Dabara ce da ta bazu ko'ina, na san a unguwarku ma ana yi. Abin da ya kamata shi ne a sa canji-oba, wato wani makunni mai hannu da yake raba gida da layin gari kafin ya haɗa shi da inji, ba ya yarda biyun su haɗu lokaci ɗaya. In babu shi, aƙalla a sauke babban makunnin gida kafin a tayar. In ba a yi ko ɗaya ba, wutar injin ba a gida kaɗai take tsayawa ba, ficewa take yi ta bi wayar da ta sauko daga falwaya ta hau.

Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji shi da Malam a zaurenmu wata rana.

"Alhaji, ka bari in sa maka canji-oba. Aikin da ba zai wuce tsakanin azahar da la'asar ba."

"Kai Mai Tsani, kullum kai da ƙirƙiro wa kanka aiki! Injina ne, gidana ne, wutata ce. Ina ruwan falwaya da ita?"

"Ruwanta kuwa, ranka ya daɗe. In ba a sauke makunni ba, wutarka fita take yi ta hau sama."

"Wuta ta hau sama? Sai ka ce hayaƙi! To ai muna saukewa, kwantar da hankalinka."

Wata rana a sauke, wata rana a manta. Malam ya faɗa, ya sake faɗa, har Alhaji ya fara yi masa kallon mai neman fitina.

Shekarar da Malam ya rasu, iska ce ta zo gaban ruwan farko ta tsinka wayoyi a layuka da dama. Garin duka ya mutu. Masu wuta suka zo da kansu suka zare fiyus a taransfoma, ba wata wuta da za ta iso unguwarmu sai sun dawo sun mayar. Mutanen layi suka roƙi Malam ya ɗaure wayoyin gidajensu da suka kwance kafin a dawo da ita. Ranar kuma ta zo daidai da sunan jikan Alhaji. Bayan an raɗa suna an shafa fatiha, Malam ya same shi a ƙofar gida cikin jama'a ya ce, "Alhaji, zan hau falwayarmu. Don girman Allah kada a tayar da inji sai na sauko na yi maka sallama." Alhaji, da goro a baki, ya ce, "An gama." Malam da kansa ya gaya mini haka da ya shigo ɗaukar filaya, kuma mazan da suke wurin sun ji. Matansu ne suka riƙa raɗa mini daga baya, ɗaya bayan ɗaya, kowace tana cewa kada in ce ita ta faɗa.

Masu zama a gindin darbejiya sun ga ya gwada kowace waya da tasta, abin gwajin wuta, kafin ya taɓa. Ba wuta. Wannan shi ne mutumin da ake ce wa ya yi sakaci.

Rana ta take, irin zafin nan mai ɗanko na bayan ruwan farko. Ina wanke-wanke. Na ji bas ta tsaya, na ji guɗa, mata baƙi sun iso daga Rogo, gidan suna ya cika, ana neman fanka da ruwan sanyi. Sai na ji wani abu daban. An ja igiyar inji, ya yi tari. An sake ja, ya kama. Na san muryar injin nan kamar yadda na san kukan 'ya'yana. Kwano ya suɓuce mini. Kafin in kai zaure na ji faɗuwar tsani. Muryar Malam kuwa ban ji ba, ko kaɗan. Na fita titi ba mayafi, ni da ko leƙe ba na yi. Wayar da take hannunsa lokacin ita ce mai sauka gidan Alhaji, ɗaya hannun yana dafe da ƙarfen falwaya, rigarsa sharkaf da gumi. Wuta ta sami hanyar komawa. Injin kuwa yana can yana ruri, har an kunna kiɗa, sai da wani ya ruga yana ihu a kashe.

Ina cikin ɗaki ranar uku na ji muryar Alhaji a wurin zaman makoki, ya sa an sauke buhun gero. Cewa yake yi, "Allah ya jiƙan Mai Tsani, mutumin kirki. Masu wutar nan ba su da tsoron Allah, su kawo wuta haka ba sanarwa." Aka ce amin. A garin da ko ƙwan masallaci bai kama ba ranar, bai kama ba washegari! Da na buɗe baki, dattawa suka aiko mini cewa ajali ne, a bar maganar, akwai maƙwabtaka. Yayan Malam ya ce in yi haƙuri in rufa asiri, kada a ce danginmu 'yan rigima ne. Ni Musulma ce, na yarda kwanan Malam ya ƙare ranar, ko yana kan gadonsa zai tafi. Amma ban taɓa jin malamin da ya ce yarda da ƙaddara ta halatta a yi wa mamaci ƙarya ba. Geron nan na sa aka rabar, ko ƙwaya ba ta shiga tukunyata ba. Daga ranar kuma in Alhaji ya aiko a gaishe ni, nakan ce ina amsawa, iyakarta ke nan.

Nura, ɗana na biyu, shi ya ɗauki tsanin. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ɓoye filayar a cikin buhun masara, duk a banza. Yanzu magidanci ne, da matarsa da 'yarsa. Amma ya ƙara abu ɗaya a kan abin da ubansa yake yi. Ko ya gwada waya ya ga ba wuta, ba ya taɓawa sai ya ɗaure wayoyin duka wuri ɗaya da jan ƙarfe mai kauri, ya sauko da shi zuwa wani rodi da yake kafawa a ƙasa. Ya ce mini, "Umma, in wani ya turo wuta ina sama, ta tarar da babbar hanya ta bi, ba sai ta bi ta ƙirjina ba." Abokan sana'arsa suna yi masa dariya. Suna cewa kafin ɗan Mai Tsani ya gama kafa rodinsa sun gama aiki sun ci awara sun wanke hannu.

Nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo Karaye yau, me zai ce? Na san da farko murna zai yi. Mutum ne mai son haske. Ya ga faifan sola a kan rufi tun daga nan har Rogo, ya ga har a ruga ana cajin waya ba sai an shigo gari ba, ya ga mai shayi da ƙwansa fari tas, wallahi sai ya tsayar da babur ya yi ta kallo. Amma da ya leƙa bayan faifan, tuwo ba zai ciwu ba ranar. Duk wanda ya kalli bidiyo a waya ya zama injiniya. Waya siririya kamar zaren saƙa a ɗora mata amfiyar da za ta ja firij, tana zafi a ce ai haka take. Fiyus ya ƙone, maimakon a tambayi abin da ya ƙona shi, a cusa ƙusa a gurbinsa, alhali shi fiyus an yi shi ne don ya mutu a madadin gida. Kuma ga wata sabuwar magana da take ba ni haushi: wai sola ba ta kisa, ai batir ne, bolt sha biyu. To inbata fa, akwatin nan da yake ɗaukar wutar batir ya mai da ita irin ta gari, aikin me take yi? Ba ita take ɗaga sha biyun ta kai shi sama da ɗari biyu ba? Wutar da ta fito daga cikinta ba ta san sola ce uwarta ba.

Watan jiya ɗan Alhaji ya ɗauko wani daga birni ya sa musu sola da inbata. Aka jona ta cikin wayoyin gida kai tsaye, ba canji-oba, kamar dai yadda aka saba. Ba sa kunna ta sai rana ta yi ƙarfi, saboda firij. Aka sake rasa wuta a gari, aka kira Nura ya gyara waya a falwayar bakin layinmu. Falwayar an canja ta, amma ramin ɗaya ne. Ya gwada, ba wuta. Ya kafa rodinsa, ya ɗaure wayoyi, ya hau.

Ka san abin da ya fi firgita ni, mai karatu? Inbata ba ta tari, ba ta ruri. Kunnen nan da nake taƙama da shi bai ji komai ba. Ina zaune ina gyaran zogale, ban san an kunna mutuwa gida biyu da ni ba. Tartsatsi ne ya tashi a inda Nura ya ɗaure wayoyin, inbatar Alhaji kuma ta yi hayaƙi ta mutu. Nura ya sauko da ƙafafunsa. Ya shigo ya zauna a kan turmi ya ce in ba shi ruwa. Ya shanye shi tas. Sannan ya ce, "Umma, wayar gidan Alhaji ce."

Kana tsammani Alhaji zai zo ya yi mana barka? Ƙara ya kai wa mai unguwa, wai Nura ya haɗa masa wayoyi da gangan ya kashe masa inbata, saboda gabar da uwarsa ta shayar da shi. A zo a ba shi haƙuri, a kuma hana yaron taɓa falwayar layin. Nura ya ce in zauna, zai je. Na ce a'a, wancan karon na zauna. Na sa hijabina, na tafi, na durƙusa daga bakin zaure na gaishe da dattawa yadda ya kamata.

Alhaji ya tsufa, amma bakin yana nan. Ya ce, "Maman Nura, har yanzu ba ki haƙura ba? Mata da riƙo!"

Ban kula shi ba. Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, tambaya ce da ni, ni jahila ce, a fahimtar da ni. Ranar da inbatar Alhaji ta ƙone, akwai wuta a gari?"

Ya ce, "Babu."

"To wutar da ta yi tartsatsi a kan falwaya, kowa ya gani, daga ina ta fito?"

Wani daga gefe ya ce, "Ai daga gidan Alhaji ne, tunda tasa ce ta ƙone."

Na ce, "Ashe wuta tana hawa sama. To ranar sunan jikan Alhaji, da aka ɗauko Malam a tabarma, akwai wuta a gari? Da yawanku kuna wurin, kun ci waina."

Ba wanda ya ɗaga kai. Masu carbi suka ƙara sauri. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Abin da Allah ya rubuta ba mai kankarewa." Na ce, "Haka ne, Alhaji. Ya kuma rubuta wanda ya ce an gama." Mai unguwa ya ce ya isa haka, in koma gida. Amma kafin a tashi ya yanke cewa ba mai ba Alhaji haƙuri, kuma ba za a ƙara kunna inji ko inbata a gidan ba sai an sa canji-oba. Alhaji ya ce ba dai ɗan Mai Tsani ya taka masa gida ba. Sai ya kirawo wani daga Rogo ya sa masa. Ni ko a jikina. Hannun da ya ɗaura bai dame ni ba, tunda an ɗaura.

Kada ka ce an yi sulhu. Bai nemi gafara ba, ban kuma yafe ba, tsakaninmu sai ranar da za a tsaya. Abin da na samu kawai shi ne, a layinmu yanzu ba mai iya cewa Mai Tsani ya yi sakaci, aƙalla ba a inda zan ji ba. Malam bai bar mana gona ba, bai bar shago ba. Ya bar tsani wanda wata ƙafarsa ta lanƙwashe tun ranar, ya bar bayanin da ya cika mini kunne a kan tuwo, ya kuma bar ɗa mai kafa rodi ana yi masa dariya. Rodin nan shi ya sa jikata take da uba yau. Ubansa ne ya saya masa wannan dabarar da ransa, ba kuwa da yardarsa ba.

Gida ɗaya aka gyara. Nura gobe ma zai ɗaura tsani a babur, zai hau falwaya a wata unguwa inda ba wanda ya san labarin nan, kuma wayar da zai riƙe tana sauka wani gida. Wataƙila naku ne. To ka gaya mini, kai da ka karanta har nan: jiya da aka ɗauke wuta kuka tayar da naku, wa ya tashi ya sauke babban makunni, ka gani da idonka an sauke, ko kai ma cewa ka yi an gama?